Makala Tana Lalacewa Tun Kafin a Ɗauki Alƙalami



An nemi in yi magana a kan yadda za a kyautata rubutun makala, wato gajeren rubutun nan da ake yi don jama'a su karanta a jarida ko mujalla ko a wayar hannu. Na san wasu suna jiran in kawo zancen ƙa'idojin rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ko in koka da yadda Turanci ya mamaye mana jimloli. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma edita mai haƙuri zai iya gyara su da jan biro a zama ɗaya. Ciwon da ya fi ƙarfin edita shi ne makalar da mai ita ya fara rubutawa bai yanke shawara a kan abu biyu ba: wane abu guda yake son faɗa, kuma wa yake faɗa wa. Matsayina shi ne galibin makalolin da mai karatu yake ajiyewa a rabi sun lalace ne tun kafin jimlar farko, kuma maganinsu yana cikin aikin da ake yi kafin a zauna rubutu.

Ga misali. Damina ta kama, taki ya yi tsada, abin ya dami marubuci, ya zauna zai rubuta. Sakin layi na farko godiya ce da yabon edita. Na biyu ya ce noma tushen arziki ne, ya tuna mana dalar gyaɗa ta Kano. Na uku ya koma kan matasan da suka bar ƙauye suka dawo birni suna acaɓa. Na huɗu ya taɓo rashin tsaro, na biyar ya zargi 'yan kasuwa masu ɓoye kaya, daga ƙarshe ya yi kira ga gwamnati da masu hannu da shuni su duba lamarin. Babu ƙarya a cikin abin da ya faɗa, Hausarsa ma ba laifi. Amma ka tambayi wanda ya karanta me aka gaya masa, sai ya ce an ce abubuwa sun taɓarɓare, abin da ya riga ya sani tun kafin ya buɗe jaridar. Da marubucin nan ya fara rubuta wa kansa jimla guda a gefen takarda, a ce ya rubuta cewa takin tallafi yana isa hannun ƙaramin manomi ne bayan lokacin zuba shi ya wuce, da aikinsa ya sauya gaba ɗaya. Wannan jimla za ta tashe shi daga kan kujera. Dole ya je ya tambayi manomi yaushe masara take buƙatar taki na farko da na biyu, ya tambayi dillali nawa buhu yake a makon nan da kuma watan jiya, ya binciko ranar da aka fara rabo. Wataƙila ma ya tarar zatonsa ba daidai ba ne, ya gyara tun bai kunyata a gaban jama'a ba. Dalar gyaɗa da 'yan acaɓa kuwa da kansu za su fice, domin jimlar ba ta da wurin ajiye su.

Za a iya cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce da muka koyo a makarantar boko. Tarihin rubutu a ƙasar Hausa bai yarda da haka ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, irin su Ihya'us Sunna ko Bayan Wujubil Hijra, ya san yadda suke farawa. Bayan basmala da salati sai a ambaci sunan littafin da abin da aka nufa da shi, sannan a kasa shi babi-babi ko fasali-fasali, kowane da mas'alar da aka ware masa. Mai irin wannan rubutu ya san inda zai sauka tun bai hau ba. Batun sanin mai karatu kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ishe mu misali. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba a banza take zaɓen harshe ba. Abin da ta nufi malamai da shi daban, abin da mata masu koyarwa da ake kira jaji za su haddace su kai wa matan karkara a tsarin 'yan taru daban. Saƙon addini ɗaya ne, amma wanda zai saurara shi yake yanke harshe da tsawo da nauyin kalma.

Da boko ya zo ma haka abin ya kasance. Abubakar Imam, wanda Ruwan Bagaja ya fito da shi a gasar rubutu ta 1933, ya zauna a Zariya a 1936 yana aikin Magana Jari Ce tare da Rupert East. Labaran littafin daga wurare da yawa aka tsinto su, har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai. Abin da ya hana su zama tarkace shi ne tsarin da aka ɗora su a kai. A littafi na farko aku yana ba da labari ne don ya tsare ɗan sarki Musa kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A na biyu gasa ce tsakanin aku biyu. A na uku uba ne yake horar da ɗansa. Kowane labari yana da dalilin zuwansa a inda ya zo. Imam ɗin nan ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939, a lokacin da masu iya karatun boko ba su da yawa, jarida ɗaya ake karanta wa taron mutane a ƙofar gida ko bakin kasuwa. Mai rubuta wa kunne ba shi da damar yawo, domin mai sauraro ba zai iya komawa baya ya duba inda zaren ya tsinke ba. In ya ɓace, tashi zai yi. Ina ganin daɗin da har yau ake ji a Hausar Imam yana da alaƙa da wannan, ya san wanda ke zaune a gabansa.

Akwai suka guda da nake ɗauka da nauyi. Masu ita suna cewa Bahaushe ba ya faɗa wa magana kai tsaye, sai an gaisa, an yi shimfiɗa, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya buɗe makala da gundarin batu tamkar wanda ya shiga gida ne ba sallama. Gaskiya ne ladabi wajibi ne, kuma rubutun da ya bushe ba ya shiga rai. Sai dai doguwar gaisuwa ta mutum biyu ce da suke fuskantar juna, wannan ya tambaya, wancan ya amsa. A takarda mutum ɗaya ne ke magana, ɗayan yana jira, kuma girmama mai jira shi ne kada a ɓata masa lokaci. Ladabin marubuci yana cikin lafazinsa da adalcin da yake yi wa wanda ya saɓa masa, kuma wannan ana iya yinsa daga farkon makala har ƙarshenta. Ko a mumbari ma, hadisin Ammar ɗan Yasir da ke cikin Sahihu Muslim ya sanya gajarta huɗuba cikin alamomin fahimtar mutum. Idan an nemi liman ya taƙaita alhali jama'a ba za su iya tashi su bar shi ba, ina ga marubucin da ake iya rabuwa da shi da motsin ɗan yatsa?

Wasu kuma, musamman masu baiwar harshe, suna cewa tsari yana kashe basira, su sai sun fara rubutu sannan suke gane abin da ke ransu. Ban musa ba. Mutane da yawa da alƙalami suke tunani, kuma ba laifi mutum ya cika shafi uku yana laluben matsayinsa. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan laluben a aika wa edita. Daftarin farko na marubuci ne shi kaɗai. Idan ya kai ƙarshe ya gano abin da yake son faɗa, wanda sau da yawa a sakin layi na ƙarshe yake ɓuya, sai ya ɗauko shi ya sa a gaba, ya sake gini a kansa, ya zubar da sauran ko da akwai jimlar da yake ji da ita. Tela ma yakan bar ƙyallen shadda mai tsada a ƙasa idan ba shi da gurbi a jikin rigar. Masu cewa babu lokaci, labari yana gudu, amsarsu gajeriya ce: rubuta jimla guda da jera hujjoji uku ko huɗu a ƙarƙashinta bai kai tsawon lokacin da ake ɓatawa ana goge-goge a tsakiyar rubutu marar alƙibla ba.

Abin da ya rage shi ne wa zai koyar da wannan. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da takwarorinsu na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, suna yaye ɗalibai kowace shekara, kuma daga cikinsu ake samun masu rubuta wa jaridu da gidajen rediyo. Roƙona ga malamai shi ne kada a karɓi makalar ɗalibi sai ya fara kawo rabin shafi da ya nuna matsayinsa a jimla guda, da mutumin da yake rubuta wa, da wuraren da zai je neman hujja. A ba wannan rabin shafin maki nasa na kansa. Editoci kuma, idan makala ta zo muku ba ku iya faɗin abin da take cewa a numfashi ɗaya ba, kada ku wahalar da kanku da gyaran waƙafi. Ku mayar wa mai ita, ku tambaye shi me yake son faɗa.