Ruwan kunnen yaro: ku fara ƙidayar kwanaki

Yau zan yi magana a kan wani ciwo da ba a yi masa gangami kamar zazzaɓin sauro ko sanƙarau, amma da wuya ka zaga unguwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ba ka tarar da shi ba: ciwon kunne na yara. Kowa a nan ya taɓa ganin yaron da ruwa mai wari ke fita daga kunnensa, ƙudaje na bin sa, manya na cewa "ai zai bari in ya girma". Wannan maganar ce nake so mu daina. Ruwan kunne ciwo ne mai magani, kuma in aka yi jinkiri jin yaro ne ke tafiya.

Mu fara da yadda abin ke faruwa. A ƙarshen ramin kunne akwai wata siririyar fata, dodon kunne, wadda sauti ke bugawa kamar fatar ganga. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa 3 masu miƙa sautin zuwa ciki. Wannan ɗakin shi ne tsakiyar kunne, kuma wata ƴar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. A wurin babba hanyar doguwa ce, ta gangara. A wurin yaro gajeruwa ce, kusan a kwance take. To, in mura ta kama yaro sai hanyar ta kumbura ta toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta daga hanci su hau su yi gida. Shi ya sa ciwon ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2, kuma yakan biyo bayan mura, musamman lokacin ɗari da ƙura.

Jariri ba zai ce maki "inna, kunnena" ba. Abin da za ki gani shi ne kuka da dare, zazzaɓi, yana jan kunne ko yana goga shi a kafaɗarki, ya kama nono ya saki don tsotso na ƙara masa zafi. In mugunya ta yi yawa sai ta huda dodon kunne ta fito. Nan take zafin ya lafa, yaro ya samu barci, gida ya ce alhamdulillahi an samu sauƙi. A daidai nan ake ruɗuwa. Zafin ne kawai ya tafi. Ciwon yana nan, ga shi kuma yanzu akwai huda a dodon kunne.

Ranar da kuka fara ganin ruwan, ku rubuta ta a waya. A CSI, tambayar farko da majo zai yi ita ce: kwana nawa? Tsarin kula da yara da ake kira PCIME ya raba abin gida biyu. In zafin kunne ne, ko ruwan bai kai kwana 14 ba, sabon ciwo ne. Ana ba da amoksisilin na kwana 5, da farasitamol don zafi, a dawo da yaro bayan kwana 5 a sake duba shi. In ruwan ya kai kwana 14 ko ya wuce, ciwon ya zama tsoho, kuma siro kaɗai ba ya kashe shi. Sai an riƙa busar da kunnen, ana ɗiga maganin ɗigo irin su siprofloksasin har sati 2. Kun ga ke nan mai tallar magani a tire, wanda bai leƙa kunnen ba, bai tambayi kwanaki ba, caca yake yi da kunnen ɗanku. Akwai ma maganin ɗigon da in ya ratsa hudajjen dodon kunne yana iya lalata jin gaba ɗaya.

Busar da kunne aiki ne na gida, ba ya cin ko dala. A wanke hannu, a samu ƙyalle mai tsabta mai laushi wanda ke shan ruwa, a murza shi kamar lagwani, a sa a bakin kunnen a hankali. In ya jiƙe a cire a sa wani, har kunnen ya bushe. Sau 3 a rana. Wurin wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga, kuma ba wanka a tabki ko gulbi har a warke. Abin da ba a sawa a kunne kuwa: man shanu, man gyaɗa, ruwan albasa, turare, garin magani, gashin kaza, tsinken ashana, har da tsinken auduga na kanti. Kunnen da ya huje ƙofa ce a buɗe, duk abin da aka zuba ciki yake wucewa. Kuma in an ce kwana 5, a cika 5 ɗin, ko da yaro ya tashi yana wasa tun rana ta biyu.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In bayan kunne ya kumbura, yana zafi in an taɓa, har kunnen ya turo gaba, ciwon ya shiga ƙashi. In wuya ya sanƙare, ko yaro na jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan lokacin, ko tsakar dare ne. Ciwon kunne yana iya haurawa ya zama sanƙarau. In kuma an yi magani ruwan bai tsaya ba, ko kun lura yaro ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ku nemi takardar zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda muke kira ORL.

Me ya sa na nace haka? Saboda shekarun da ciwon ya fi kamawa su ne shekarun koyon magana. Yaron da ke ji kamar an toshe masa kunne da auduga yana makara wajen magana. Ranar da aka kai shi lakwal, ya zauna a bayan aji mai cunkoso, malam na magana da harshen da ba na gida ba, rabin abin da ake faɗa bai iso masa ba. Sai a ce daƙiƙi ne, ko a ce kunnen ƙashi gare shi, a kai ga bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke fama da raunin ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara ana iya kauce masa. Ciwon kunne yana cikin manyan dalilan.

Rigakafin kuma a hannunmu yake. Nonon uwa zalla har wata 6. In da bibero ake ba yaro, a tallafe shi kansa a sama, kada a bar masa shi yana kwance. A duba karnen allura: tun 2014 Nijar ta sa allurar ninomo a cikin alluran yara, wadda ke yaƙi da ƙwayar cutar da ke kawo ciwon huhu da wani kaso na ciwon kunne. Ana yin ta a sati 6, sati 10 da sati 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. Sai hayaƙi. Goyo a baya kusa da murhun icce, ɗaki a rufe da garwashi lokacin sanyi, duk suna kumbura hancin yaro. Samari, wannan taku ce: taba da shisha a fada, ga ƙanenka ko ɗanka a cinya, hayaƙin nan da shi kuke sha.

Wasu za su ce kuɗi. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a likitocin gwamnati. In an ce maganin ya yanke, ku tambaya da ladabi, ku karɓi ordinansi ku je farmasi na gaskiya.

Da yawanku ba ku yi aure ba tukuna, amma ku ne yayye, ku ne kawunnai da gwaggonni, ku ne ake miƙo wa takardar likita a ce "karanta mana". In kaka ta ɗauko man shanu, kada a yi mata tsawa, ƙauna ce ta sa ta. A ce, "Kaka, bari a fara kai shi majo ya leƙa." Ka ɗauki uwa da yaro a moto, ka sa ƙararrawar waya don lokacin magani, ka tuna musu ranar komawa.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya raya mana su. Mai tambaya, bismillah.