Motar Japan a Hannun Usta

 Yau zancenmu na ƙarfe ne: mota da babur, da mutanen nan da ba sa iya ganin mota yadda kamfani ya ƙero ta su ƙyale ta haka nan. Ni ma ina cikinsu, kun sani. In na ga akori-kurar da aka yi wa aiki mai kyau, sai na tsaya na zagaya ta, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ko da mai ita yana harara ta.

Duk wanda ya taɓa sauka Khartum kafin yaƙin nan ya ji sunan Mantiƙa Sinaiya. Larabci ne, ma'anarsa unguwar masana'antu, kuma Hausawanmu na can, jikokin mahajjatan ƙafa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, haka suke kiranta ko da Hausa suke yi. Akwai ta Khartum, akwai ta Umdurman a tsallaken kogi, akwai ta Bahri inda manyan masana'antu suka fi yawa. Ku ɗauka an haɗa Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna an shimfiɗa su wuri guda. Layin masu walda daban, na masu bugun bodi daban, na masu injin fiƙe ƙarfe daban, ga shagunan kayan gyara da suke kira isbir, ga mai shayi a gindin kowace bishiya. Garejin sunansa warsha. Maigidan gareji kuwa Usta ake ce masa, kuma ba a ba yaro wannan suna don ya iya kwance taya.

Wannan sana'a ba da motar Japan ta fara ba. Da Bedford ta fara, babbar motar Ingila mai dogon hanci wadda aka fara ƙerawa a 1958. Maƙera da kafintocin Sudan sun karɓe ta suka ga ba ta dace da rairayinsu da irin lodinsu ba, sai suka riƙa wargaza ta gaba ɗaya suna sake ginawa: su ƙarfafa shasi, wato ƙashin bayan motar, su ƙara sifirin, su yi mata sabon bodi, sannan su yi mata kwalliya kamar amarya. Suka sa mata suna Sifinja, sunan silifas ɗin soso, saboda laushin tafiyarta. Har wata Bajamushiya, Valerie Hänsch, ta yi fim a kan aikin nan a 2009. Saboda haka lokacin da motocin Japan suka cika ƙasar, sun tarar da hannun da ya riga ya ƙware.

Kowacce kuma an raɗa mata suna. Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, ita ce boksi: a yi mata rumfar ƙarfe a baya, benci biyu suna fuskantar juna, matakala a ƙofa, ta zama motar haya ta unguwa da ƙauye. Wadda mu muke kira Kanta, su daffar suke cewa. Babbar Hino ta jeji ana kiranta da haruffanta, ZY. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya kuwa Thatcher suka sa mata, sunan firaministar Ingila da aka yi wa laƙabi da mace mai kamar ƙarfe. Wanda ya raɗa sunan nan ya san abin da yake yi.

Me ya sa Usta yake son ta Japan? Dubi injin da ake kira 1HZ, wanda Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1990: silinda shida, lita 4.2, gas yake sha, kuma babu kwamfuta a cikinsa. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla. In ya tsaya maka tsakanin Abeche da Adre, bakaniken ƙauye da sifana da filta zai iya tashinsa. Sababbin injuna sun fi shi gudu, sun fi shi tsimin mai, amma ka ɗura musu gas ɗin jarka mai ruwa-ruwa irin na bakin hanya ka ga yadda za su yi maka. Ni dai a jeji ba na haɗa shi da kowa.

To, yanzu ga inda nake so ku kasa kunne, musamman kai Alhaji mai shirin kai motarka a "ƙara mata ƙarfi". Aikin da aka fi yi shi ne ƙarin fallen sifirin. Hilux ko Land Cruiser, abin da kamfani ya yarda ta ɗauka bai wuce kimanin tan 1 ba. An ƙara falle uku ko huɗu, an yi lodin tan biyu, baya bai zauna ba, kowa ya ce madalla. Amma sifirin ɗin kaɗai aka ƙara. Birkin na da ne, boris na da ne, aksil na da ne, tayar ma ta da ce. Nauyi in ya ninka biyu, zafin da birki zai sha kafin motar ta tsaya shi ma ya ninka biyu. Gudu kuwa in ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Shi ya sa za ka ji direba yana rantsuwa cewa ya taka birki a gangare ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Gaskiya ya faɗa, birkin ya riga ya dahu. Ustan kirki in ka ce masa ya ƙara sifirin, zai tambaye ka me za ka ɗauka, wace hanya za ka bi, sannan ya duba lambar da ke jikin taya mai nuna iyakar nauyin da za ta iya. In bai tambaye ka komai ba ya ɗauko guduma, ɗauki makullinka.

Haka zancen ƙara wa shasi tsawo. Ana yi, kuma masu Sifinja sun nuna ana iya yi ya daɗe. Sai dai akwai yadda ake yi. Ba a yanka shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa a liƙe da walda a ce an gama. A karkace ake yankawa, a yi walda, a ɗora wani farantin ƙarfe a kan mahaɗin ya wuce shi gaba da baya. Kuma ba a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa don ɗaura tanki ko bodi, domin nan ne nauyi yake ja, daga ramin nan tsagewa take farawa. Ka sa a wanke wurin ka gani da idonka kafin a shafa baƙin fenti. Fenti yana rufe abubuwa da yawa.

Ku makiyaya, naku ya fi shafar bodi. Yamma da Umdurman akwai babbar kasuwar dabbobi ta Muwailih, kuma tumakin Kurdufan, irin Hamari da Kabbashi, a mota suke yin doguwar tafiya har bakin Bahar Maliya kafin a sa su jirgin ruwa zuwa Saudiyya. Masu wannan jigila sun san cewa bodi shi ne rabin ribar. Bene biyu na tumaki yana da kyau, amma duk abin da ka ɗaga sama yana ƙara wa mota saurin kifewa a kwana, don haka manya a ƙasa, ƙanana a sama. A sa shinge a tsakiya don kada su zube gefe guda in an karya kwana. A bar tazara tsakanin sandunan gefe iska ta shiga. A zuba rairayi a daɓen don kada kofato ya zame a kan fitsari. Sannan ka shafa hannunka a cikin bodin ko'ina: duk tsinin walda da ya karce ka, zai yagi fatar sa. Dabbar da ta isa Maigatari ranar Alhamis da rauni a gefe, kai ma ka san abin da dillali zai yi da kai.

Akwai gyare-gyaren da nake yabawa ba tare da wani sharaɗi ba. Ɗaga bututun shan iska zuwa saman gilashi, da ɗan kwanon da ke tace ƙura kafin ta kai filta, wannan a ƙasar habub da namu harmatan alheri ne. Lagireto mai layi uku ko huɗu, shi ma haka. Ƙarin tanki, in an ɗaure shi da kyau nesa da salansa, ya fi jarkoki goma suna gugar juna a bayan fasinja. Wanda ban yarda da shi ba shi ne cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa a bakin inji har ya yi ɗumi, wai don ƙasarmu da zafi. Inji yana da zafin da yake so ya yi aiki a kai. In an cire, da asuba cikin sanyin hunturu zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa. In motarka tana zafi, a wanke lagireto a duba fanka.

Sai juyen sitiyari. A Japan hagu ake bi, sitiyari a dama. Najeriya ta koma bin dama a 1972, Sudan a 1973, Nijar da Cadi dama can dama suke bi. Saboda haka motoci da yawa da suka fito Japan na hannu, a Dubai ko Sharja ake juya musu sitiyari kafin su iso mu. Wani juyin da kayan asali ake yinsa. Wani kuwa yanka sandar sitiyarin ake yi a haɗa da walda. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. In ka ga ɗinkin walda a jikin sandar da ranka yake rataye a kai, kuɗin motar ko nawa aka rage maka bai isa ba.

Mu zo kan babur, wanda a Sudan suke kira motar. A 1975 Honda ta fitar da CG125 musamman don ƙasashe irin namu, bayan mutanenta sun zagaya sun ga yadda ake lodin babur da yadda ba a damu da juyen baƙin mai ba. Yawancin baburan Sin da ke cikin rugage yau zubin injinsa aka kwaikwaya. Boxer kuwa ta Indiya ce, ta kamfanin Bajaj, mai yin raksha, wato abin da Kano ke kira A Daidaita Sahu. Samarin raksha na Umdurman sun iya ado: labule, fitilu, lasifika, da rubutu a baya wanda wani ya ba ka dariya wani ya sa ka tunani. Ba ni da faɗa da ado. Kariyar ƙarfe mai faɗi don jarkar nono, ƙarin shokozoba, wayoyin ƙafar baya masu kauri, duk aiki ne mai ma'ana, muddin an tuna cewa birkin babur ɗan tafin hannu ne. Amma fasa salansa don ƙara, yaro, me ka samu? Iskar da ke fita ta canza, man da kafireto ke bayarwa bai canza ba, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone. Ka firgita garke, ka tashi unguwa. Kuma a zamanin da aka hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, aka hana a sassan Tillaberi a 2020, babur mai ruri ba madubi ba lamba shi ne na farko da za a tsayar a shinge.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da ba daɗi. Ƙarfin da ya sa muke son motocin nan shi ya sa masu bindiga suke son su. A 1987 sojojin Cadi suka kori tankokin Libiya daga Fada da Wadi Dum a kan akori-kurar Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Tun daga nan Thatcher ta shiga aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya bi ta kan Mantiƙa Sinaiya kanta: an fasa shaguna, an kwashe kayan aiki, wasu wuraren sun ƙone, masu sana'a sun watse, wasu Bur Sudan da Atbara, wasu Masar, wasu Cadi. Sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris 2025, mutane sun fara komawa, amma injin fiƙe ƙarfen da mutum ya tara kuɗinsa shekara ashirin ba ya dawowa don an share gareji. Allah Ya mayar musu da alheri.

Motocin mutane kuma da aka ƙwace a gidajensu, da yawa sun tsallaka iyaka. Tun kafin yaƙin ma Sudan tana fama da motocin da ake shigowa da su ba takarda ta Libiya da Cadi, waɗanda suke kira Boko. Yanzu hanyar ta juya, kayan daga can suke fitowa. Don haka kai ɗan kasuwa, in aka kawo maka Land Cruiser ko Hilux mai sabon fenti a rabin kuɗi, ga abin yi. Nemi lambar shasi a jikin ƙarfen kansa, kada ka tsaya ga farantin da aka maƙala da ƙusa. Goge wurin da tsumma da fetur. In ka ga alamar gurza, ko haruffan ba su hau layi ɗaya ba, ko an yanko wurin an liƙa wani, bar ta. Gwada lambar da ta takardar kwastan harafi da harafi. Motar wani bawan Allah ce da ke zaune a sansanin gudun hijira, kuma ranar da aka gano ta a hannunka, kai za ka yi bayani, dillalin ya daɗe da kashe waya.

Ko motarka ta halal ce, in ka sauya inji ko ka sauya launi, je a gyara takarda kafin ka doshi Jibiya ko Gamboru ko Tine. Ka karɓi rasit na injin daga wanda ya sayar maka, da lambarsa a rubuce, ka ajiye shi tare da takardun motar a cikin leda.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna a kan taya: yadda ake karanta shekarar da aka yi ta a jikinta, da yawan iskar da ake ragewa in za a shiga rairayi. A sauka lafiya.