Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Jawabi Ga Mutanen Limawa A Kan Ajin Manya

Wannan jawabi ne ga magidanta da matan aure na Limawa, da na Garu, da sauran unguwannin Dutse da ƙauyukanta, a kan ajin manya, watau ajin yaƙi da jahilci, wanda a kan yi a ranakun aiki. Abin da a ke nufi shi ne a bayyana dalilin da ya sa Hukuma ta damu da wannan aji, da yadda aka faro shi, da abin da a ke koyarwa, da kuma abin da ya kan kashe shi in ba a yi hattara ba.

Wa A Ke Nufi?

Da farko ya kamata a kawar da wani kuskure. Kalmar nan ta jahilci ta kan yi wa waɗansu mutane zafi, kuma suna da gaskiya. Ƙasar Dutse ƙasa ce ta allo da tawada tun kaka da kakanni. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi, ya ke kuma rubuta wasiƙarsa da ajami, ba wanda ya isa ya kira shi jahili. Abin da ya faru shi ne, yawancin takardun da su ke tafiyar da harkokin duniya a wannan zamani da boko a ke rubuta su. Katin asibiti, da katin zaɓe, da takardar fili, da takardar banki, da sakamakon jarrabawar yaro, duk da boko su ke zuwa. Sabo da haka malami ma yana da wurin zama a ajin manya. Shi ma ya fi kowa saurin gamawa, don ya riga ya san baƙi da wasali, hannunsa kuma ya saba da alƙalami.

Asirin Mutum A Hannun Wani

A zamanin da a ke tara dalar gyaɗa a Kano, manomi ya kan kai gyaɗarsa gaban sikeli ya tsaya yana kallo. Abin da malamin awo ya faɗa, shi ke nan. In ya biya haraji aka ba shi takarda, ba shi da hanyar sanin ta bana ce ko ta bara. In ɗansa ya tafi ci-rani Kurmi ya aiko da wasiƙa, sai ya ɗauke ta ya nemi mai karanta masa, kafin la'asar kuwa rabin gari ya san abin da ke ciki.

Yanzu sikelin nan da wasiƙar nan sun sake kama, amma ciwon yana nan. Wasiƙa ta koma saƙon waya, lalita ta koma katin banki. Ga mace mijinta yana Ikko yana neman abinci, ya turo mata kuɗin cefane. Saƙo ya shigo wayarta, ba ta san nawa ba ne sai ta kira yaron maƙwabta. Ga dattijo ya sayar da dabinonsa ko hatsinsa a kasuwar Shuwarin, mai saye ya ce ya tura kuɗi, ya nuna masa fuskar waya. Dattijo ya gyaɗa kai, alhali bai iya rarrabe 5,000 da 50,000 ba. In ya je cire kuɗi, dole ya faɗa wa wani lambarsa ta sirri, wadda banki ya ce kada a faɗa wa kowa.

Jama'a ba su manta da farkon shekarar 1973 ba, sa'ad da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, mutane suka yi ta ruɗewa wajen lissafi. Ba su kuwa manta da farkon 2023 ba, sa'ad da aka sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma ta waya ko mutum yana so ko ba ya so. A duk irin wannan lokaci, wanda bai iya karatu da lissafi ba shi ne ya kan fi shan wahala.

Ba dukiya kaɗai ba ce a cikin haɗari, har da rai. A jikin kwalbar magani an rubuta cokali nawa za a ba yaro, da sau nawa a yini, da ranar da maganin zai lalace. A jikin galan na maganin feshi an rubuta yawan ruwan da za a gauraya shi da shi. Uwar da ba ta iya duba waɗannan ba, da manomin da bai iya ba, sai dai su yi ƙiyasi. Ƙiyasi kuwa a kan magani ba wasa ba ne.

Yadda Aka Faro

Wannan aiki ba yau aka fara shi ba. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa su san haƙƙinsu. A shekarun da suka biyo baya Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura yaƙi da jahilci a ko wane lardi. Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan da suka riƙe wannan aiki. A lokacin nan Dutse gunduma ce a cikin Lardin Kano. A kan buɗe aji a ƙofar gidan dagaci ko a gindin itace, a kafa baƙin allo, magidanta su zauna a kan tabarmi suna bin malami.

Mutanen wancan zamani sun gane abu guda muhimmi, watau koya wa mutum karatu ba shi da amfani in ba shi da abin da zai riƙa karantawa. Tun 1939 akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, amma ta yi wa sabon mai koyo nauyi. Don haka a 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta dinga buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna cikin Hausa mai sauƙi. Ta Lardin Kano ita ce Sodangi, ta Katsina Himma, ta Sakkwato Zaruma. Da aka rufe NORLA a 1959, sai aikin ya fara sanyi.

An sāke ɗaura ɗamara a 1980, sa'ad da Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ya kafa hukuma ta musamman don ilmin manya. Ƙasar Dutse tana cikin Jihar Kano a lokacin, kuma har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba wa wannan aiki a 1983. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya. A ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, jihar kuma ta sami tata hukumar ilmin manya mai kula da ƙananan hukumomi 27.

Duk wanda ya dubi wannan tarihi zai ga darasi ɗaya. Ba a taɓa rasa masu farawa ba. Abin da a kan rasa shi ne masu ɗorewa.

Abin Da A Ke Koyarwa

An kasa karatun manya hawa-hawa. A hawa na farko a kan koyi karatu da rubutu da Hausa, da lissafi. A kan fara da wasula biyar, watau a, e, i, o, u, sa'an nan a haɗa su da baƙaƙe, a sami ba, bi, bu, da ka, ki, ku. Daga nan a haɗa gaɓa da gaɓa su ba da kalma. Hausa tana da sauƙi a nan, don yawancin kalmominta yadda a ke faɗinsu haka a ke rubuta su. Malami mai dabara ya kan fara wa mutum da sunansa, domin ranar da magidanci ya rubuta sunansa da hannunsa a wurin da ya saba dangwala yatsa, ran nan ya kan ji kamar an sauke masa kaya. Lissafi kuwa, ɗan kasuwa da mai ƙosai sun riga sun iya shi da ka. Abin da ya rage musu shi ne su iya sa shi a takarda, su san matsayin sifiri.

A hawa na biyu a kan ƙarfafa abin da aka koya, a soma Turanci, a taɓa sha'anin tsabta da lafiya da zaman ƙasa, har mutum ya kai kwatankwacin wanda ya gama firamare. Wanda ya ke da niyya yana iya wucewa gaba, ba a rufe wa kowa ƙofa ba. A ajin mata a kan haɗa da sana'a, kamar ɗinki da saƙa da yin sabulu.

Don Me A Ranakun Aiki?

Wani zai tambaya, don me ba za a tara karatun duka a yi shi rana ɗaya a mako ba, mutane su huta? Dalili shi ne, babban mutum kansa cike ya ke da tunanin gida da gona da bashi. Abin da ya koya ran Asabar, in bai sāke ganinsa ba sai wata Asabar, ya zube. Amma in ya zauna awa ɗaya ko biyu ran Litinin, ya komo Talata, ya komo Laraba, to yau tana riƙe da jiya. Ko makarantar allo haka ta ke, kullum a ke biyawa, sai Alhamis da Jumma'a a ke hutu, shi ya sa karatunta ya ke zama.

Wajen tsai da lokaci, ya kamata a shawarci masu koyo, kada a yanke musu daga ofis. Magidanta sun fi samun sarari bayan la'asar ko bayan lisha. Matan aure sun fi samunsa da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora girkin rana. A kauce wa ranar kasuwa. Da damina, lokacin shuka da noman fari, a rage kwanaki, amma kada a rufe aji ɗungum. A fi matsa ƙaimi da rani, bayan an gama kaka, sa'ad da hannu ya ke da sauƙi.

Abin Da Ke Kashe Aji

Abu na farko kunya. Dattijo ya kan ce ina shi ina zama gaban allo, jikokinsa suna leƙe suna dariya? Ya kan kawo karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. To, amma waɗanda suka faɗi wannan su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilmi. Wace kunya ce ta fi, ta zama a aji tare da tsararraki, ko ta miƙa wa yaro ɗan shekara goma waya ya karanta wa mutum asirin gidansa?

Na biyu fashi. Yau suna, gobe ta'aziyya, jibi baƙo. Kafin mutum ya komo an wuce shi da shafi biyar, sai ya ji nauyin tambaya, ya janye. Maganin wannan shi ne ko wane mai koyo ya sami abokin tafiya a unguwarsu, wanda zai biya masa abin da ya wuce shi.

Na uku rashin tsayawar malami. In jama'a suka taru sau biyu ba su ga malami ba, na uku ba za su zo ba. Wajibi ne a kan masu kula da aikin su ga malami yana zuwa, su kuma ga ana biyansa haƙƙinsa a kan kari. Malami kuma ya tuna waɗanda ke gabansa iyaye ne. Ba a yi musu tsawa, ba a kunyata su.

Na huɗu ajiye karatu bayan an karɓi takardar shaida. Karatu kamar fartanya ya ke, in aka jingine ta sai tsatsa. Wanda ya gama aji ya dinga karanta duk abin da ya gani, allon kanti, da buhun taki, da littafin ɗansa. Ya sami ɗan littafi yana rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar, da wanda ya ke bi bashi.

Aikin Kowa Ne

Mai unguwa ya taimaka da wuri da kira. Liman ya tuna wa jama'a cewa neman ilmi wajibi ne a kan namiji da mace. Maigida ya bar matarsa ta je, don ita ce mai ba yaro magani da tsakar dare, ita ce kuma mai fara ganin littafinsa in ya taso daga makaranta. Samari da 'yan mata da suka yi sakandare, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, ko wannensu yana da uba ko gwaggo ko maƙwabci da zai iya zaunawa da shi rabin awa da dare.

Duk shekara, ran 8 ga Satumba, ƙasashen duniya su kan yi bikin ranar yaƙi da jahilci, tun 1967. Biki abu ne mai kyau, amma ba ran biki a ke koyon karatu ba. Ran Litinin a ke koyonsa, da Talata, da Laraba. Wanda ya ke so ya shiga, sai ya tuntuɓi mai unguwarsa, ko ya je ofishin ƙaramar hukuma ya nemi mai kula da ilmin manya. In babu aji kusa, mutanen unguwa su haɗa kai su rubuta sunayensu, su kai, su nemi a ba su malami. Abin da a ke bukata daga mai koyo bai wuce littafin rubutu da fensir da zuwa a kan lokaci ba.

Allah ya sa a dace, ya ba da ilmi mai amfani. Amin.