Rabi da 'Yan'uwanta: Jawabi a Kan Littafin Alhaki Kuykuyo Ne



Mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Daura aka ɗora wa nauyin buɗe muhawarar yau, muka kuwa zaɓi littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, sai daga baya ta nemi ilmi ta hanyar karatun manya. A 2012 Malam Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya. Watau mutanen nesa sun san darajarsa, alhali a nan gida wasunmu har yanzu suna yi wa irinsa kallon littafin 'yanmata.

Labarin a taƙaice shi ne: Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da hali, amma yana ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yansu 9. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, har 'yarta Saudatu ta auri wani mai arziki, Alhaji Abubakar. Can gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, aurensa da Delu ya watse, aka matsa wa Rabi ta karɓe shi.

Yawancin masu karatu kan tsaya ne a kan soyayyar Saudatu, ko kuwa a kan sakayyar da Allah ya yi wa Rabi. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu shi ne wannan: ranar da mai gida ya juya baya, wa ya riƙe gidan? Ba dukiya ba ce, don ba a bar wa Rabi kome ba. 'Yan'uwanta na jini ne suka tsaya mata, da 'ya'yanta, da ƙarfin hannunta. Ciwon da aka ji mata bai warke da magana ba. Ya warke ne sannu a hankali, a bakin murhu, da samun wanda zai zauna kusa da ita ta faɗi abin da ke ranta ba tare da an ce mata ta yi shiru ba.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a Daura, ko Zango, ko Ɓaure, ko Sandamu, ya ga yadda ya take karɓar 'yar ƙanwarta ta riƙe har ta aurar. Ya ga yadda mace kan taso daga Matamai ko Magarya, ta ƙetaro iyaka don 'yar'uwarta ta haihu ko an sake ta. Ya san adashi, ya san gudummawar biki. In za mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikinmu a ɗakin nan kuɗin ƙuliƙuli da man gyaɗa da fura ne suka kawo mu jami'a, sau da yawa ma ba na uwar da ta haife mu kaɗai ba. Mukan yi alfahari da Daurama da rijiyar Kusugu, muna cewa mata ne suka fara sarautar ƙasarmu. To, amma in an zo cika takardar makaranta, sunan waɗannan mata ba ya fitowa ko'ina.

Sai kuma ƙarshen littafin, wanda a nan ne muka rabu biyu ko a tsakaninmu. Wasu sun ce komawar Rabi ita ce daidai, don haƙuri da rufin asirin 'ya'ya. Mu mafi yawa ba mu ga marubuciyar ta nuna wannan komawa a matsayin abin murna ba. Rabi ta riga ta tsaya da ƙafarta. Maza ne suka taru suka yanke shawara, aka ɗora mata ciyar da wanda ya wulaƙanta ta. Zumuncin da ya tsamo ta shi ne kuma aka ɗaure ta da shi, kuma littafin bai ɓoye wannan ba.

Dalilin da ya sa muka kawo zancen gabanku ke nan. Nan da 'yan shekaru mu ne za mu zama masu albashi a dangi, mu ne za a kira in auren ya ko ƙanwa ya lalace, kuma maganarmu za a ɗauka don mun yi boko. Tambayar da muke ajiye wa masu magana bayanmu ita ce: da a ce kai ne wan Rabi ko surukinta a wannan zama, me za ka ce mata, kuma za ka tambaye ta abin da take so kafin ka faɗa?

Shugaba, a nan muka tsaya. Wassalamu alaikum.