Malamin Makaranta da Malamin Gona



Kusan dukanmu a nan manoma ne. Muna ajiye alli mu ɗauki fartanya, domin albashi kaɗai ba ya kai mu ƙarshen wata. Saboda haka zancen noman zamani zancen gidajenmu ne.

In aka ambace shi, hankali kan tafi ga tarakta. To amma gonakin tudu na ƙasar Anka da Bukkuyum, masu duwatsu da kwazazzabai, ba kowacce tarakta ke iya shiga ba, ga kuma 'yan bindiga da suka raba jama'a da gonakin nesa. Abin da ke kai wa ga ƙaramin manomi ƙananan abubuwa ne: iri mai saurin nuna daga cibiyar binciken noma ta Samaru, injin ban-ruwa a fadamun Gummi, maganin feshi, buhun ajiya.

Mun kuwa ga abin da na'ura ke yi in ta riga ilimi isowa. A 2010 an niƙa duwatsun zinariya da injinan niƙa a cikin gari, ana kai su har tsakar gida, a Dareta da Abare da 'Yargalma, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Da sun rayu, da azuzuwanmu suka shigo.

Yanzu ku dubi wake. Manomi na zuba masa maganin ƙwari da ka, don bayanin da ke jikin kwalbar da Turanci yake, malamin gona kuma ya yi wuyar gani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin. Wanda Turawa suka ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In waken ya bushe sarai aka ɗaure kowanne dam, ƙwarin sai su rasa iska su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Sirrin duka a ɗaurin yake, kuma ɗauri abin koyarwa ne.

Manomi bai cika yarda da abin da bai gani da idonsa ba, kuma gaskiyarsa ce, domin hatsin shekara ba abin gwaji ba ne. Don haka muke roƙon kowace makaranta, da kakar bana, ta cika buhu biyu da wake, ɗaya na PICS, ɗaya irin na kullum, ɗalibai su ɗaure da hannunsu. Bayan wata huɗu, ranar taron iyaye da malamai, a kwance su a gaban kowa.