Uwargida Da Batirin Sola: Yadda Za Ki Riƙe Wutar Gidanki

  Ina gaida uwargida, ina gaida amarya, ina kuma miƙa gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Yau maganarmu a kan batir ce da caji. Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, ai wannan aikin maza ne." To 'yar'uwa, wa ke wuni a gida tare da batirin nan? Maigida ya biya kuɗi an haɗa sola, ya sa takalmi ya tafi gona ko kasuwa. Ke ce mai kunnawa da kashewa, ke ce yara ke zuwa wurinki da waya a sa musu caji. In batirin ya yi shekara uku yana aiki, hannunki ne. In ya mutu cikin wata shida, a hannunki ya mutu, ko da kuwa ba da saninki ba.

Mutanen yankin nan ba sa buƙatar a gaya musu darajar caji. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A lokacin ne kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sana'ar cajin waya a waɗannan wurare, ta hana sayar da fetur a jarka. Sai bayan watanni aka dawo da layukan. Waɗanda suka ga wannan zama sun san yadda aka yi: mai janareto ba mai, mai shagon caji ya rufe, tocila ta mutu, rediyon da ake jin labari da shi ya yi shiru. Gidan da ke da ɗan farantin sola da batir mai rai, shi ne ya kwana da haske. Daga baya kuma, a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Wutar da har yanzu muke ce wa ta NEPA, wadda tun 2013 kamfanin KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa, garuruwa da yawa ba su da ita sam. Shi ya sa sola ta shigo gidajenmu, shi ya sa ya zama dole mu san yadda ake riƙonta.

Ki ɗauki batir kamar randar ruwa. Farantin sola da ke kan rufi shi ne mai ɗebo ruwa, yana zubawa daga hantsi zuwa la'asar. Kwan fitila da waya da rediyo da fanka su ne masu sha. Tsakanin farantin da batirin akwai wata 'yar na'ura mai nuna lambobi, ana ce mata kwantirola. Ita ce mai gadin randar: in ta cika sai ta tsayar da zubawa, in ta kusa ƙarewa sai ta hana ɗiba. Duk wanda ya ce zai haɗa miki faranti kai tsaye da batir don a rage kuɗi, kada ki yarda. Batirin zai yi ta shan caji fiye da kima, ruwansa ya tafasa ya ƙone. Araha ba ta ado.

Amma akwai inda batir ya bambanta da randa, kuma a nan ne yawancinmu muke yin ɓarna. Randa in kin kwashe ta ƙarƙaf, gobe ki sake cika ta, ba abin da ya same ta. Batirin dalma, wato irin mai nauyin nan da aka fi samu a kasuwanninmu, ba haka yake ba. Duk ranar da kika shanye shi har ƙasa, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan da ke cikinsa, randar tana ƙara tsukewa. In kuma ya kwana biyu a haka ba caji, gishirin ya ƙeƙashe, ba ya sake narkewa. Don haka ƙa'ida ta farko: rabi naki, rabi nasa. Kada ki sha fiye da rabin abin da ke cikinsa.

Yaya za ki gane an kai rabi? Ki duba lambar da kwantirola ke nunawa. Batir mai bolt 12, in ya cika ya huta, yakan nuna 12.6 ko 12.7. In ya sauko wajen 12.1 ko 12.2, an kai rabi ke nan. Da rana tsaka za ki ga 13 ko 14 da ɗoriya. Wannan caji ne ke shiga, ba shi ne gaskiyar abin da ke ciki ba. Lokacin dubawa shi ne da asuba, in kin tashi salla, kafin rana ta fito, bayan kin kashe komai. In kullum kina tarar da 12.2 zuwa sama, madalla. In kina ganin 11 da wani abu, to ana cin batirin nan da rai, sai a rage masu sha.

Yanzu ga ɗan lissafi, kuma kada ki tsorata, bai kai lissafin adashi wuya ba. Kowane kayan wuta an rubuta masa yawan wat ɗinsa a jiki. Ki ninka wat ɗin da awoyin da yake aiki, abin da ya fito shi ne cinsa. Bari mu kira shi mudu don sauƙi. Kwan fitila mai wat 5, in ya yi awa 5, ya ci mudu 25. Guda uku, mudu 75. Babbar waya ta shafa-shafa, daga mutuwa zuwa cika, takan ci kamar mudu 20 zuwa 25. Biyu, mu ce 50. Ƙaramar waya mai madannai ba ta wuce mudu 5. Fanka ƙarama mai wat 15, awa 6, mudu 90. Ki ƙara 20 na rediyo. Duka duka mudu 240 ke nan a dare ɗaya.

To nawa randar ke ɗauka? A jikin batir za ki ga an rubuta lamba da haruffa Ah, misali 50Ah ko 100Ah. Ki ninka lambar da 12. Mai 50 yana ɗaukar mudu 600, naki a ciki 300. Kin ga ya ishi gidan da muka lissafa. Faranti mai wat 100 kuma, a irin ranar ƙasarmu, yakan zuba mudu 350 zuwa 400 a wuni in sama ta yi garau, ya mayar da abin da aka sha har da saura. Amma dutsen guga fa? Shi kaɗai wat 1000 ne. Gugar rabin awa, mudu 500. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure ana gobe biki, na jona dutsen guga a inbata, na goge atamfa uku, daren nan a duhu muka ci tuwo. Duk abin da aikinsa zafi ne, dutsen guga, hita, risho na lantarki, ki raba shi da ƙaramar sola. Gawayi bai ƙare ba.

Bayan shanyewa, abu na biyu da ke kashe batir shi ne zafi. Masu ƙera shi sun auna shi ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba kwanansa kusan biyu. Ku tuna yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. A sama masa wuri mai inuwa, mai shan iska, nesa da murhu, a ɗora shi a kan katako yadda ruwan shara ba zai taɓa shi ba. Kada a kulle shi cikin akwati ko a lulluɓe shi da zane, domin lokacin caji yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta. Ba a kunna ashana ko a kai kaskon turare kusa da shi. Kuma ba ɗakin kwanan yara ne wurinsa ba.

Na uku shi ne ƙishirwa. Batir iri biyu ne: akwai rufaffe, wanda ba a buɗe shi har abada, akwai mai murafu a sama, wanda ruwansa ke raguwa. Shi mai murafun, a duba shi sau ɗaya a wata, ruwan ya rufe farantan ciki. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan da aka samo daga tururi, ana sayar da shi a kwalba wurin masu batir. Ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba, ba kuma asid ba. A kasuwa dukansu biyun "ruwan batir" ake ce musu, don haka ki gaya wa ɗan aike ya ce na ƙari yake so, ba mai ƙuna ba.

Farantin ma yana son kulawa. A ƙasarmu ana fuskantar da shi kudu, a ɗan karkace, yadda ruwan sama zai gangare. Inuwar reshen darbejiya guda ɗaya tana iya rage masa ƙarfi sosai. In hunturu ya shigo, ƙura ta kwanta a kansa, sai a sa yaro babba mai hankali ya goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi.

Sai batirin waya. Wannan wani iri ne daban, litiyom ake ce masa. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991. Shi ma ba ya son zafi, ba ya kuma son a bari ya mutu murus kullum. In ya sauko kashi 20 cikin ɗari, a sa shi caji. Kada ki yi caji a ƙarƙashin filo ko a kan katifa, kada ki bar waya a rana. In kika ga bayan waya ya ɗago, batir ya kumbura kamar fanke, ki daina amfani da shi nan take. Kada a huda shi, kada a danne shi, kada a jefa shi a murhu, kada a ba yaro ya yi wasa da shi. Kada ki ce ai tawa mai tsada ce: a 2016 kamfanin Samsung da kansa ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta.

Akwai kuma abin da nake so ku sani, wanda zai rage muku wahala. A ƙasashen Turai ana maganar gida mai yi wa kansa aiki, fitila ta kunna kanta, famfo ya kashe kansa. Ƙaramin irin wannan yana nan a kasuwannin Funtuwa da Katsina da Kano. Yawancin kwantirola suna da saitin da ke kunna fitilar tsakar gida in rana ta faɗi, ya kashe ta bayan awoyin da kika zaɓa, ko in gari ya waye. Ki ce wa mai haɗawa ya saita miki, ya kuma nuna miki yadda ake yi. Akwai fitila mai ido, wadda ba ta kamawa sai ta ji motsin mutum, bayan ɗan lokaci ta mutu da kanta. Ta dace da ƙofar bayi da zaure, tsohuwa ko mai ciki ta fito da dare ba sai ta lalubi tocila ba, ga shi ba ta shan batir. Masu tankin ruwa kuma akwai wani ɗan abu mai yawo a saman ruwa da ke kashe injin in tanki ya cika. Duk waɗannan amfaninsu ɗaya ne: suna tuna abin da ke za ki manta.

In ya zama dole ki taɓa wayoyin da kanki, ga abin kiyayewa. Ki cire awarwaro da zobe da agogon ƙarfe tukuna, domin in ƙarfe ya haɗa kawunan batir biyu, zai yi ja nan take ya ƙone ki. Jar waya tana zuwa kan da ke da alamar tarawa, baƙa tana zuwa mai alamar ɗebewa. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, sannan faranti. Wajen cirewa, faranti ake fara cirewa. Ki tabbata akwai fis a kan jar wayar kusa da batir, shi ne zai tsinke kafin gobara ta tashi. In ruwan batir ya taɓa jiki, a wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti.

Magana ta ƙarshe, iyaye mata, ita ce mafi nauyi. In batir ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmar cikinsa, kada a mai da kwankonsa mazubin ruwan kaji ko kujerar yara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara kimanin 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka wa a cikin gidaje. A ƙasar Senegal kuma, a wata unguwa da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, su kam daga fasa tsofaffin batira ne ake ciro dalma. Wanda gubar ba ta kashe ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta da wari balle a gane ta. A mai da mataccen batir wurin mai sayarwa yadda yake, a rufe, a yi musaya da ciko.

To 'yan'uwa, aikin gida na wannan mako ba shi da yawa. Gobe da asuba ki duba lambar kwantirolarki, ki rubuta a bayan kalanda, ki yi haka kwana bakwai. Ki kira 'yarki ta tsaya kusa da ke ta ga yadda ake karantawa. In lambar tana ƙasa da 12.2, ku zauna da maigida ku yi lissafin mudun nan, ku ga wanda za a rage. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, Ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum.