JAWABI: A-KORI-KURAR KAMFANI DA HARAJINTA, MU SAN HAKKINMU



Koke-koken da suka fi zuwa wa ƙungiyarmu a kan motocin ɗaukar kaya ne. Daga Mile 12 ta Legas har Bodija ta Ibadan, ana tare a-kori-kurar ɗan'uwanmu, a ce ya biya kuɗin takarda kaza, ba rasit, ba bayani. Wasunmu kuma suna biyan gwamnati fiye da abin da ke kansu, don kawai takardunsu ba su daidaita ba.

Na farko, idan da kuɗin kamfani aka sayi mota, to a yi mata rajista da sunan kamfanin da ke takardar hukumar rajistar kamfanoni, ba da sunan Alhaji ko ɗansa ba. Dalili kuwa shi ne, doka ta yarda a riƙa cire kuɗin sayen motar kasuwanci kashi-kashi cikin shekaru daga ribar da za a ɗora wa haraji. Haka nan kuɗin mai, gyara, inshora da albashin direba, muddin akwai rasit kuma aikin kamfani aka yi. Motar da ke ɗauke da sunan wani daban, da wuya jami'in haraji ya amince da ita.

Na biyu, mu raba aiki da hidimar gida. Idan kamfani ya bar wa darakta ko ma'aikaci mota yana harkokin kansa da ita, ana lissafa masa kashi 5 cikin ɗari na kuɗinta a shekara a matsayin ƙarin albashi, ya biya haraji a kai. Saboda haka direba ya riƙe littafi yana rubuta inda ya je da kayan da ya kai.

Na uku, mu san mai hakkin karɓa. Lasisin mota na gwamnatin jiha ne. Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma lasisin keke, amalanke, baro da kwale-kwale, amma ya ware motoci masu inji. Sai dai ya ba ta kula da tasha da tallan waje, shi ya sa mai rubuta sunan kamfani a jikin mota ake neman sa da kuɗin talla. A Legas hukumar LASAA ce ke karɓa. A 1998, Doka ta 21 ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Sashe na 41 da na 42 na Tsarin Mulki kuma sun ba mu 'yancin zama ko'ina a Nijeriya, sun hana a nuna mana bambanci don asalinmu.

A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, wasu daga cikinsu suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar FIRS ta koma NRS. Kowa ya tuntuɓi akanta kafin ya miƙa lissafin shekara.

Idan an tare ku, kada a yi faɗa. Ku nemi katin shaida da rasit na gwamnati, ku rubuta wuri da lokaci, ku kawo wa sakatarenmu. Da waɗannan shaidu ne za mu iya tunkarar hukuma da murya ɗaya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.